Matakai Ashirin da Biyu na Mama Guga

Daga ƙasa zuwa ƙofar ɗakin Mama Guga matakai ashirin da biyu ne cif. Goma sha huɗu a miƙe, sai ɗan fili inda benen ya karya kwana, sannan takwas. Shekara ashirin da shida tana hawansu, aƙalla sau shida a yini. Wanda ya iya lissafi ya buga ya gani, takun ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin, kuma rabinsu da bokitin ruwa a ka.

Ta zo gidan hayar nan ne wata huɗu bayan an binne mijinta, direban babbar mota. Abin da ta shigo da shi ba ya wuce ƙirga da yatsu: 'ya'ya uku, dutsen guga biyu, tebur ɗaya mai gurguwar ƙafa da ake tokara wa guntun katako. Da wannan ta kafa sana'a. Riga talatin zuwa arba'in a yini, wuya tukuna, sai hannuwa, sai baya, gaba a ƙarshe. Karin da take fitarwa a wando, mutanen unguwa suka ce zai iya yanka tumatir. Ko ƙyallen goge hanci ba ta fita da shi sai ya sha dutse.

Abu ɗaya ne ya dame ta a shekarun farko, ba ta da lokacin durƙusawa ta yi addu'a. Da ta kai gwiwa ƙasa, ƙaramin ɗanta ya fashe da kuka, ko mai riga ya buga ƙofa. Wata safiya tana gindin bene, bokiti a ka, ƙullin wanki a hannu, sai ta ce a fili, "Ubangiji Yesu, ka ga hannuwana biyu ne, duk kuma a cike. In za ka karɓa a tsaye, ga ta nan." Ta taka na farko, ta ambaci babbar 'yarta. Ta taka na biyu, ta ambaci mai bi mata. Kafin ta kai sama ta raba matakan kaf, kowane da mai shi.

Haka abin ya zauna, har ya yi dokoki. Uku na farko na 'ya'yanta ne. Na huɗu na aminiyarta ne, Uwar Tagwaye, wadda ɗakinta ke kallon nata. Na goma sha biyu na mai gidan haya, don Allah ya tausasa zuciyarsa ya gyara rufi. Na goma sha tara na Mai Aski, wanda shagonsa ke ƙasa a bakin titi, yana shanya tawul a igiyar sama. Ba a sauke mutum daga matakinsa sai addu'a ta karɓu ko shi ya koma ga Ubangiji. Zancen ya fita, har ta kai in an tashi sujada ranar Lahadi mata na tare ta a bakin coci suna raɗa, "Mama, akwai gurbi?" A bara kaɗai mutum bakwai ke layin jira.

To, ranar wata Talata da hantsi, tana kan riga ta goma sha ɗaya, hannun hagu da ke riƙe da wuyan rigar ya saki. Ƙafar hagu ta bi sahu. Uwar Tagwaye, wadda ta ji faɗuwar ta rugo, har yau tana ba da shaida cewa ta tarar da dutsen a tsaye a mazauninsa, an zare waya daga bango. Wato sai da matar nan ta tabbatar rigar mutane ba za ta ƙone ba, sannan ta yarda ta faɗi.

Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Ta yi kwana goma sha tara a asibiti. Baki ya dawo daidai, kai garau, hannu na motsi kaɗan-kaɗan, amma ƙafar sai jan ta ake yi kamar ta aro. Bene kuwa ba a ma zancensa. Mai Aski ya kwashe tsofaffin kujeru daga ɗan siton da ke ƙarƙashin matakalar, aka share, aka shimfiɗa mata katifa.

Babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, ta tsaya a ƙofar siton ta kama ƙugu.

"Mama, na gyara miki ɗaki a gidana. A ƙasa yake, ko dokin ƙofa babu."

"Ina da ɗaki."

"A sama."

"Da can a ƙasa yake?"

Suka yi ta ja har Uwar Tagwaye ta gaji da raba su. A ƙarshe Malama ta yanke magana irin ta masu shirya jarrabawa. Saura mako goma a yi hutun makaranta. Ranar da ta dawo, in Mama ta kai ƙofar ɗakinta ba tare da wani ya taɓa ta ba, ta zauna abinta. In ba haka ba, ta shiga mota, ba gardama. Kwana saba'in ke nan.

Sha ɗaya daga cikinsu a banza suka tafi. Mama Guga ta juya fuska bango. Fasto ya zo ya yi addu'a, ta ce amin a bushe kamar wadda aka ƙwace a bakinta. Likitan gashin ƙashi ya zo sau biyu, ta ce barci take ji. Uwar Tagwaye ta kawo abinci ta zauna a bakin katifa.

"Yaya, kin yi addu'a kuwa yau?"

"Ni da Shi ba ma magana."

"Kai! Tofar da yawun bakinki."

"Ba zan tofar ba. Shekara ashirin da shida ina hawa da sunayen mutane, duk jikin nan a rasa abin da za a ɗauke sai ƙafar? Ni ban iya addu'a a kwance ba. In na rufe ido, rufin bene kawai nake gani, daga ƙasa."

A safiya ta goma sha biyu ne kunnenta ya kama wani abu. Mai kwana ƙarƙashin matakala ba abin da ba ya ji, kuma ta san takun kowa a gidan. Mai Aski, in zai kai tawul sama, tsalle tara yake yi ya gama. Yau sai ta ji dum, shiru. Dum, shiru. Ta ƙirga ba da niyya ba, don ƙirga a jininta take. Tsayawa ashirin da biyu. Jim kaɗan ga silifas ɗin Uwar Tagwaye, shi ma taku, shiru, taku, shiru. Sai matar kafinta mai tsohon ciki, tana nishi tana tsayawa. Kafin rana ta take, mutum tara sun hau haka.

Ta buga bango da sanda har Uwar Tagwaye ta leƙo.

"Ke, me ya sami ƙafafun mutanen gidan nan? Duk kun shanye ne?"

Uwar Tagwaye ta sosa ƙeya. "Aikinki muka raba, Yaya. Mun ga matakala ta yi kwana talatin ba a yi addu'a a kanta ba, muka ce kada ta huce. Sai dai ba wanda ya riƙe sunayen a jere."

"To wa kuke ambata?"

"Ke."

"A wane mataki?"

"Duka."

Mama Guga ta hau lissafi, leɓenta na motsi. Mutum tara, kowa aƙalla hawa biyu a yini, sau ashirin da biyu. Ɗari uku da casa'in da shida. Sau ɗari uku da casa'in da shida sunanta ke wucewa ta saman kanta kullum zuwa gaban Allah, ita kuwa tana kwance tana gaba da Shi. Hawaye suka zubo har cikin kunne. Ta bar su suka gama, sannan ta share da hannu mai lafiya, ta ce a hankali, "Na ji, Ubangiji. Ni na ɗauka ƙafata ce ke kai maka saƙo. Ashe ko da na kwanta ba ka rasa 'yan aike ba. Ka yafe mini fushin nan."

Sai kuma ta juyo ta balbale aminiyarta da faɗa. "Duka ashirin da biyu ni kaɗai? Wannan ai almubazzaranci ne! Matar kafinta fa da ke na tara, wata takwas da ciki, wa ya tuna da ita? Kira mini likitan nan. Ku ba ku iya aikin ba."

Likitan ya koya mata ƙa'ida: ƙafa mai lafiya ta fara hawa, sanda da mara lafiyar su biyo baya. A rana ta goma sha biyar ta hau mataki na farko cikin minti huɗu, zufa ta jiƙe ta sharkaf, ta ambaci Malama, gidan ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo. A rana ta ashirin tana na uku. A ta ashirin da huɗu ta taka na huɗu, Uwar Tagwaye ta yi juyi da ludayi a hannu tana cewa ita kam nata ya samu, saura su ji da kansu. Duk inda ƙarfinta ya ƙare, nan ake ɗora ta a kujerar roba, mutum biyu su sauko da ita.

Daga nan rigima ta tashi, domin Mama Guga ta kafa doka: wanda ƙafarta ta kai kansa shi take wa addu'ar bene. Na sama su jira.

Mai Aski ya shigo siton da almakashi a aljihu, ya durƙusa.

"Mama, ni fa na ba ki ɗakin nan."

"Allah ya yi maka albarka."

"A na goma sha tara kika ajiye ni. Wata ɗaya da rabi ke nan ba a ambace ni ba. Injina biyu sun ƙone, yarinyar da nake nema ta daina ɗaukar wayata. A dawo da ni na biyar mana, ko na wucin gadi."

"Na biyar da mai shi."

"Tsohon nan ai kurma ne, ba zai sani ba."

"Shi ba zai ji ba, amma Wanda ake gaya wa yana ji. In kana son addu'a, ɗan nan, kai ni inda kake."

Tun daga ranar ba a sake samun mai horarwa irin Mai Aski ba. Ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar sito yana tafa hannu. Yakan bar mutum da rabin kai a aske ya leƙo ya ga ko ta sha ƙwayarta. Ya samo alli yana rubuta ranar da aka ci kowane mataki a jikin bango. Na bakwai, rana ta talatin da ɗaya. Na tara, ta talatin da takwas, kwana biyu kafin matar kafinta ta sauka lafiya, abin da ya ƙara wa na sama zumuɗi.

Shi ma mai gidan haya, wanda rufi ya yi shekara shida yana jiransa, sai ga shi da mai walda. Aka kafa ƙarfen dafawa sabo fil, aka shafa masa fenti. Da aka gama mutane suka duba, ƙarfen ya tashi daga ƙasa ya tsaya daidai mataki na goma sha biyu. Ko taƙi bai ƙara ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Aski, "ƙarfen ne ya ƙare, ko kuwa a nan gidan ya ƙare?"

Mai gida ya ce aiki sannu-sannu ake yi. Sai da aka yi kwana uku duk wanda ya zauna a kujerar aski yana jin labarin, sannan mai walda ya dawo ya ƙarasa.

A rana ta hamsin da takwas ta taka na goma sha biyar. A nan kuwa tafiya ta tsaya. Na goma sha shida ya fi 'yan'uwansa tsawo da yatsa biyu, abin da ba wanda ya taɓa lura da shi sai yanzu. Ƙafa mai lafiya ta hau, mara lafiyar ta ƙi biyowa, yatsun su tokari bakin siminti su dawo. Kullum sau uku take gwadawa. Kwana goma sha biyu, gwaji talatin da shida, ba ko ɗaya da ya ci. Mai Aski ya kawo shawarar a fasa bakin matakin da guduma, ta ce wanda ya taɓa shi ya sauka daga nasa har abada.

Ranar Juma'a da yamma, ana gobe Malama za ta zo, ta zauna a bakin katifa ta sa aka sauko mata da farin zanenta na zuwa coci. Da hannu ɗaya ta goge shi, Uwar Tagwaye na riƙe mata baki.

"Yaya, in ya ƙi fa?"

"Na gaya Masa. Na ce, in ka ce in shiga mota zan shiga, kuma ba zan sake yin gaba da kai ba. Can ma kana nan. Amma ka san ba da son raina ba ne, gara in faɗa maka gaskiya."

Asabar ƙarfe goma motar Malama ta tsaya a ƙofar gida, an kwantar da kujerun baya don kaya. Mutum ashirin da uku suka cika tsakar gida, har da Fasto da wani da aka yi wa rabin aski, tawul a wuya. Malama ta gaishe da uwarta, ta dubi rubutun allin da ya tsaya a goma sha biyar. Ta harɗe hannuwa a gindin bene.

Mama Guga ta dafa ƙarfe, ta ɗaga ƙafa. Yau a fili take ambaton sunaye, duk wanda aka kira yana nan sai ya amsa da amin. A na farko Malama ta amsa ciki-ciki. A na huɗu Uwar Tagwaye ta amsa har makwabta suka leƙo. A na biyar sai da aka zunguri tsohon kurman, ya ce amin bayan an kai na shida. A na goma sha biyu mai gida ya cire hula. Ta huta minti biyu a filin kwana, ta taka na goma sha biyar. Minti goma sha ɗaya ke nan da farawa.

Ta ɗora ƙafar dama a na goma sha shida, ta ja ta hagu. Ta tokare. Ta sake. Ta tokare. A karo na uku jikinta ya yi baya, mata suka saki ihun tsoro, Mai Aski da ke bayanta ya miƙa hannu.

"Kada ka taɓa ni!"

Ya janye kamar ya dafa dutsen guga. Ana jin numfashinta har ƙasa. Ta dubi matakai bakwai da suka rage, ta dubi farin zanen da ta goge da hannu ɗaya, mai kari kamar takarda. Matar da ko a bakin famfo ba ta zama sai ta shimfiɗa ƙyalle.

"To, Ubangiji," ta ce, "in girman kai ne ya rage, karɓi abinka."

Ta cilla sandar sama, ta juya a hankali tana riƙe da ƙarfe, ta zauna daɓas a kan na goma sha shida, cikin ƙurar takalman mutane. Ta ambaci mai matakin. Sannan ta kafa ƙafar dama, ta dafa da hannun dama, ta tura jikinta da baya zuwa na goma sha bakwai kamar yaro mai koyon rarrafe. Da ta ga fuskokin da ke ƙasa, bakuna a buɗe, Fasto da tabarau a hannu, sai dariya ta ƙwace mata. Tana dariya tana turawa. Uwar Tagwaye ta kama, tsakar gida ta kama. A na goma sha tara ta kira Mai Aski, ƙaton nan ya durƙushe a filin kwana yana kuka da majina yana cewa, "Amin, Mama, amin, a haɗa da injin!"

Ashirin. Ashirin da ɗaya. A minti na goma sha tara bayanta ya jingina da ƙofar ɗakinta. Zanen ya koma ruwan ƙasa. Aka ɓarke da halleluya, wani ya kifa bokiti yana kiɗa, mai rabin aski na rawa da mai gida.

Malama ta hau a guje, ta tsuguna gaban uwarta, idanu jawur. Ta kama hannun hagun ta riƙe.

"Mama, kin kunyata ni gaban jama'a."

"Na ci ko ban ci ba, Malama?"

"Kin ci." Ta share ido da bayan hannu. Sai ta waiga ta dubi matakan har ƙasa, ta sake duban uwarta. "To yanzu yaya za ki sauka?"

Kiɗan bokiti ya tsaya. Mai Aski ya dubi Uwar Tagwaye, Uwar Tagwaye ta dubi kujerar roba. Kwana hamsin da biyar ana horo, ba wanda ya taɓa tunanin a koya mata saukowa. Ita kanta ba ta taɓa ƙirga saukowa a cikin aiki ba, don ba a addu'a a gangare.

"Gobe Lahadi," in ji Mama Guga, "kuma a coci zan yi sujada."

Malama ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Da ta ɗago sai ta leƙa ƙasa ta ƙwala wa direba kira, ta ce ya ɗaga kujerun baya, ya shigo mata da jakarta.

"Hutuna mako uku ne," ta ce. "Gobe a kujera za ki sauka, ba gardama. Jibi ƙarfe bakwai mu fara. Mai Aski, ina allin nan?"